Sassari: Sunan Gari, Sunan Runduna

Duk wanda ya duba jerin rundunonin ƙasa na Italiya a Yaƙin Duniya na Ɗaya zai ga sunayen garuruwa da larduna birjik: Cuneo, Casale, Pinerolo, Savona, Acqui. Kowace birged tana da rajimanti biyu masu lamba a jere, ta 7 da ta 8 na Cuneo, ta 11 da ta 12 na Casale, haka dai har ƙarshe. Mai karatu zai ɗauka samarin Cuneo ne suka cika birged ɗin Cuneo. Ba haka abin yake ba. Bayan haɗewar Italiya a 1861, hukuma da gangan take gauraya kurata daga sassa daban-daban, ta kuma girke su nesa da gida, don a ƙera ɗan ƙasa guda daga mutanen da ko harshen juna ba su ji sosai. Sunan gari a jikin tuta ado ne kawai. Sojojin dutse da ake kira Alpini su ne aka bari suna fitowa daga kwaruruwan da suke tsaro. Cikin dakarun ƙasa kuwa, wadda sunanta ya dace da mutanenta ita ce Sassari.

An kafa ta ranar 1 ga Maris 1915, ana saura 'yan watanni Italiya ta shiga yaƙi. Rajimanti ta 151 ta taru a Sinnai kusa da Cagliari, ta 152 kuma a Tempio Pausania, duka a tsibirin Sardiniya. Cagliari ce babban birnin tsibirin, amma tuni sunanta yana kan rajimanti ta 63 da ta 64. Sabuwar birged sai ta samu sunan birni na biyu, Sassari, da ke arewa. Galibin mutanenta makiyaya ne da manoma da masu haƙar ma'adinai, masu magana da harshen Sardiniya, wanda ba karin Italiyanci ba ne, harshe ne mai zaman kansa.

Ita kanta kalmar da Italiyawa ke kiran irin wannan soja da ita tana da tarihi. Suna cewa fante, rundunar kuma fanteria, asalin kalmar kuwa yaro ko bara, wato mai tafiya a ƙasa bayan ubangidansa mahayi. Bahaushe ya san wannan bambanci tsakanin barde da dakare. To, yaƙin ramuka ya sauke mahayi daga sirdi, ya bar wa dakare dukan wahalar.

Sunayen wuraren da Sassari ta yi faɗa, sojoji ne suka raɗa wasu daga cikinsu. A tsaunin Carso akwai ramin da ake kira Trincea delle Frasche, ramin rassa, saboda abokan gaba sun lulluɓe shi da rassan itace don kada a hango shi. Kusa da shi akwai Trincea dei Razzi, ramin rokoki. Runduna bayan runduna ta kai hari ta koma da gawawwaki, sai a Nuwamba 1915 'yan Sassari suka ƙwace su, suka riƙe duk da ruwan igwa. Sanarwar babbar hedikwata ta yaba musu, ta kuma kira su da sunan tsibirinsu. Ba a jima ba aka ba da umarnin a riƙa tura sojojin ƙasa 'yan Sardiniya da ke wasu rundunoni zuwa wannan birged. Daga nan abin da ya faro bisa dacewa ya zama doka.

Laƙabin da ya fi bin su shi ne Jajayen Shaiɗanu, Diavoli Rossi da Italiyanci, Dimonios da harshen tsibirin. Ana danganta shi da abokan gabarsu, sojojin Ostiriya, ana kuma haɗa shi da ƙyallen wuyan rigarsu mai launin fari da ja. Wanda ya ji tsoronka ya kira ka shaiɗan, ai kirari ya yi maka, shi ya sa suka karɓe shi hannu biyu. Taken birged ɗin na yau, wanda Kyaftin Luciano Sechi ya tsara a 1994 da harshen Sardiniya, Dimonios ne sunansa.

Daga Carso aka kai su tudun Asiago a 1916, suka yi faɗa a Monte Fior da Monte Zebio, sannan Bainsizza a 1917. A Janairu 1918, bayan mummunan kayen da Italiya ta sha a Caporetto, suna cikin waɗanda suka sake ƙwace Col del Rosso da Col d'Echele a yaƙin da ake kira na Duwatsu Uku. Saboda rawar da suka taka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, tutar kowace rajimanti ta samu lambar zinare ta jarumta har sau biyu. Ɗaya daga cikin hafsoshin ta 151, Emilio Lussu, ya rubuta littafi a kan shekarar da suka yi a Asiago, aka buga shi a 1938, inda ya tona wautar janar-janar masu tura mutane cikin wayar ƙaya. Shi da Camillo Bellieni da sauran tsofaffin sojoji ne suka kafa jam'iyyar Partito Sardo d'Azione a 1921 don neman wa tsibirin cin gashin kai. Kiran yaƙinsu, Forza Paris, wato a yunƙura gaba ɗaya, ya koma taken siyasa. Gwamnatin da ta tara su wuri guda don su yi mata yaƙi, ita ce ta sa suka gane kansu a matsayin al'umma.

Bayan haka ofis ya yi ta juya sunan. A 1926 aka mai da birged ɗin lamba zalla, ta 12. A 1934 rajimantocin suka shiga ƙarƙashin dibishan mai suna Timavo, sunan kogi kusa da Trieste inda aka girke su. A 1939 sunan Sassari ya dawo a kan Dibishan ta 12, wadda ta shiga mamayar Yugoslabiya a 1941, ta yi yaƙi da 'yan sari-ka-noƙe a can, aka dawo da ita tsaron Roma, ta watse a Satumba 1943 bayan Jamusawa sun kama birnin. Daga baya rajimantocin sun sake tsayawa, amma garambawul ɗin 1975 ya rage su zuwa bataliya, ta 151 ta koma Sette Comuni, Garuruwa Bakwai, sunan tudun Asiago inda aka binne da yawa daga mazanta.

A ranar 1 ga Disamba 1988 aka sake kafa birged ɗin a tsibirin da ta fito, hedikwatarta a Sassari, daga baya bataliyoyin suka koma rajimanti da tsohon sunansu. Sun yi aiki a Kosovo da Iraƙi da Afghanistan da Lebanon. Hausawa na cewa suna linzami ne, amma linzami sai da doki. Birged-birged da yawa na 1915 sun shuɗe da sunayensu, don babu garin da ya ɗauke su nasa. Wannan kuwa duk lokacin da aka goge ta a takarda, akwai ƙauyukan da kakanninsu suka mutu a cikinta, kuma har yau su ne ke ba ta mafi yawan sojojinta.