Su Ma Turawa Sun Yi Gidan Mari: Tarihin Gidajen Roloff A Teksas

 Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihi ne da ya shigo har tsakar gidajenmu, domin da wuya a sami unguwar da babu uwar da ɗanta ya faɗa shan ƙwaya, ta yi faɗa, ta yi nasiha, ta yi kuka, har a ƙarshe dangi su taru su ce a kai shi gidan mari. Da yawanmu mun ɗauka mu kaɗai muka san irin wannan gida. To ba haka ba ne. A ƙasar Amurka, a wata jiha da ake kira Teksas, an shafe kusan shekara talatin ana kai ruwa rana tsakanin hukuma da masu irin waɗannan gidaje na addinin Kirista. Abin da ake jayayya a kansa shi ne: wa ke da ikon leƙawa ciki, kuma wane horo masu riƙon yaran suka samu?

Labarin ya fara ne da wani mai wa'azi ɗan ɗarikar Baptis, sunansa Lester Roloff, wanda aka haifa a 1914. Abin da ya ɗaukaka shi rediyo ne, irin wannan akwatin dai da kika ajiye kusa da murhu. Tun 1944 ya fara shirinsa na wa'azi, sannu a hankali muryarsa ta kai jihohi masu nisa. Iyayen da 'ya'yansu suka gagare su suka riƙa aika masa da kuɗi, daga baya kuma suka riƙa kai masa 'ya'yan. Ya buɗe gidaje na maza da na mata, wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Gidan Rebekah na 'yan mata, kusa da garin Corpus Christi, da aka buɗe wajen ƙarshen shekarun 1960. A nan ake tara masu shaye-shaye, da masu gudun gida, da waɗanda suka yi cikin shege, har ma da waɗanda laifinsu taurin kai ne kawai.

A wurin Roloff shaye-shaye zunubi ne tsantsa, saboda haka maganinsa tuba ne, ba ruwan likitan ƙwaƙwalwa a ciki. Babu talabijin, babu kiɗa, wasiƙar da yarinya ta rubuta wa uwarta sai an karanta ta kafin ta fita. Ana haddar ayoyin littafinsu safe da yamma. Wadda ta yi laifi a yi mata bulala, ko a rufe ta a wani ɗaki ita kaɗai, ana sako mata wa'azin Roloff ta lasifika ba dare ba rana. Masu kula da yaran kuwa 'yan cocinsa ne, abin da ake nema a wurinsu imani da biyayya.

A 1973 asiri ya fara tonuwa. Wasu iyaye sun je ziyarar 'yarsu, sai suka ci karo da ana dukan wata yarinya, suka kai ƙara. Da hukuma ta shiga bincike, 'yan mata 16 suka ba da shaida da rantsuwa cewa an zane su da bulalar fata, an ɗaure wasu da ankwa a jikin bututun ruwa, an kulle wasu su kaɗai. Roloff bai musanta bulala ba. Amsar da ya bayar, wadda ta shahara ƙwarai, ita ce wai gara mazaunai su yi ja da zuciya ta yi baƙi. Ke 'yar'uwa, ba ki taɓa jin mai kama da wannan magana a bakin wani a dangi ba? Ni kam na ji.

A 1975 majalisar jihar ta yi dokar da ta wajabta wa kowane gidan riƙon yara ya karɓi lasisi, ya kuma bar jami'ai su riƙa shiga dubawa. Roloff ya ƙeƙasa ƙasa ya ce a'a, gidajensa na Allah ne, gwamnati ba ta da hurumi. Har gidan yari ya kwana na 'yan kwanaki a kan wannan rigima. A 1979, da aka zo rufe gidajen, ɗaruruwan magoya bayansa, ciki har da fastoci, suka riƙe hannun juna suka kewaye wurin. Shi ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1982, amma almajiransa suka ci gaba da shari'ar har suka faɗi a kotun ƙolin jihar. Maimakon su yarda a duba su, a ƙarshen 1985 sai suka zuba yaran a manyan motoci suka ƙetara da su jihar Mizuri, inda a lokacin doka ba ta matsa wa gidajen addini.

Da a nan maganar ta tsaya, da shi ke nan. Amma a 1995 wata rigimar ta taso a birnin San Antoniyo, tsakanin hukumar jihar mai lura da wuraren jinyar mashaya da wata ƙungiyar Kirista mai suna Teen Challenge. Wannan karon ba zargin duka ba ne, a faɗi gaskiya. Hukumar ta ce masu ba da shawara a gidan ba su da takardar horon da doka ta tanada, za ta janye lasisi. Su kuma suka ce yawancin ma'aikatansu tsofaffin mashaya ne da suka tuba, kuma wanda ya sha ya bari ya fi mai digiri sanin ciwon. Maganar ta yi wa jama'a daɗi, ta kuma yi wa gwamnan jihar na lokacin daɗi, wato Joj Bush ƙarami, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. A 1997 aka yi dokoki biyu. Ta farko ta ɗauke wa gidajen addini masu gyaran mashaya baligai nauyin neman lasisi. Ta biyu ta ba gidajen yara na addini damar su bar wata ƙungiya ta 'yan'uwansu ta riƙa tantance su a madadin gwamnati.

To nan fa aka ba kura ajiyar nama. A cikin shugabannin ƙungiyar da aka amince wa da tantancewar har da masu gidajen da za a tantance, kuma gidajen Roloff suna cikin na farko da suka sami takarda, suka dawo da aikinsu a Teksas a 1999. Ba a daɗe ba aka haramta wa matar shugaban gidajen aiki da yara saboda abin da aka yi wa wata yarinya. A 2000 kuma aka kama wani mai kula da samari bisa zargin azabtar da wasu matasa biyu da suka yi yunƙurin gudu, inda aka ɗaure su da igiya, aka tilasta su gudu cikin ƙaya, kotu ta same shi da laifin tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba. A 2001 majalisa ta ƙi sabunta dokar ta biyu, ta faɗi. Shekara huɗu kacal ta yi.

Kada mu yi rashin adalci. Akwai matan da suka zauna a Gidan Rebekah da suke cewa shi ya ceci rayuwarsu, kuma ba na shakkar cewa da yawan ma'aikatan da niyyar alheri suka shiga. Addu'a da zama da mutanen kirki suna taimakon mai son barin ƙwaya, wannan kowa ya sani. Amma kyakkyawar niyya ba ta koya wa mutum aikin jinya. Yaron da jikinsa ya saba da kodin ko tiramol, ranar da aka yanke masa zai yi zufa, da amai, da gudawa, da ciwon gaɓoɓi, ya kasa barci. Wanda ya saba da ƙwayoyin barci kuwa, in aka tsayar masa farat ɗaya yana iya kamuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, wani lokaci har rai ya salwanta. Wanda aka horar zai gane wannan ya nemi likita. Wanda ba a horar ba zai ce iskanci ne, ya ɗauko dorina. Ofishin binciken majalisar tarayyar Amurka ya fitar da rahoto a 2007 kan gidajen gyaran halin matasa, inda ya bi diddigin mutuwar yara 10. Abin da ya yi ta maimaituwa shi ne ma'aikata marasa horo sun ga yaro na fama da ciwo na gaske, suka ɗauka ƙarya yake yi. Sai a Disamba 2024 aka sanya hannu kan dokar tarayya ta bin kadin cin zarafin yara a irin waɗannan gidaje.

Mu ma mun ga namu. A watan Satumba 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk tabon bulala. A watan da ya biyo baya aka buɗe wasu gidajen a Daura da Katsina. Yawancin waɗanda aka samu a ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi, bisa zaton karatu ake koya masu. Wasu iyayen sun ce in sun je ziyara ba a barinsu su wuce ƙofa, a waje ake fito masu da yaron.

Ke da kike cikin gida, galibi ba ke za ki raka yaron ba, maigida ne ko kawunsa. In har magana ta kai can, ki roƙi Malam ya shiga da ƙafarsa ya ga inda yaron zai kwana, ya tambaya wane ne mai tsaronsu da dare, ina ya koyi aikin, kuma in yaro ya faɗi yana jijjiga wane asibiti ake kai shi. Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano, da na Kware a Sakkwato duk suna karɓar masu fama da shaye-shaye.

Sai Allah ya kai mu shiri na gaba. A gaida yara.