Layi Guda a Rajistar Zungeru

Salsala a ƙasar Hausa ta masu baya ce. Maroƙi zai jero sarki da ɗansa da jikansa, amma yaron da ya rasu ko kaciya ba a yi masa ba, babu mai kiran sunansa sai uwa, ita ma a zuci. To ina ga wanda aka raba da uwar tun kafin ajali ya same shi?

Irin waɗannan yara sun yi yawa a kewayen Birnin Gwari a ƙarshen ƙarni na 19. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Kontagora. Ɗansa Ibrahim ya yi shekaru yana kai hari ƙasashen Gwari da Kamuku yana kama bayi, har Turawa suka kore shi a 1901. Da Lugard ya koma Zungeru da zama, sai aka riƙa tara yaran da aka ƙwato daga hannun fatake, waɗanda ba a san gidajensu ba, a wani gida can. Da yawa sun iso a rame, ba su daɗe ba suka rasu.

Mai neman asalin ɗayansu zai fara ne da rajistar 'yantattun bayi a gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Abin da zai tarar bai wuce layi guda ba: suna, kimanin shekaru, ƙabila. Sunan ma sau da yawa ubangida ne ya laƙaba, irin su Nasamu ko Nagode; wanda aka raɗa ran suna ya ɓace a hanya. Ƙabila kuwa, abin da tafinta ya faɗa shi akawu ya rubuta, kuma a bakin Bahaushe "Gwari" buhu ne mai faɗi, Gbagyi da maƙwabtansu duk a ciki.

A ganina shaidar da ta fi takardar ƙarfi tana kan fuskar yaron. Tsohuwa 'yar ƙasar, da ta dubi tsagarsa, tana iya faɗin dangi, wani lokaci har gari. Sai dai da tsagar aka binne shi, ba kuma a Zungeru tsohuwar take ba.

Waɗanda suka rayu, a 1909 aka miƙa su ga mishan a Rumasha, can gefen Binuwai, nesa ƙwarai da dajin da aka kamo su.