Hurumin Ruwa a Matan Fada: Bahasi a kan Tushen Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Kabi

Tsakure

Wannan maƙala tana ƙoƙarin tabbatar da cewa garuruwan tarihi da abincin gargajiya da kiyaye muhalli, waɗanda masu tsara yawon buɗe ido suka saba lissafawa a matsayin abubuwa uku mabambanta, a ƙasar Kabi asalinsu guda ne, wato ambaliyar gulbi da kuma dokar da take hana su a Matan Fada, yankin gulbin da ake bikin kamun kifi na Argungu, har sai ranar da aka yi izini.

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya baro Sakkwato ya nufi Argungu da Birnin Kabi, in yana da sha'awar tarihi, ba zai rasa abin da zai tsayar da shi ba, tun daga kangon Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16 wanda ganuwarsa ta duwatsu take nan har yau, zuwa Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, wanda aka gina a 1831 ya zama fadar sarakunan Kabi har 1942, kana aka buɗe shi ga masu ziyara a 1958, har ya dangana da Gwandu inda hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo yake. Amma abin da ya fi jawo jama'a shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a sigarsa ta yanzu a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin bayan gabar da ta daɗe tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Mas'alar da muke son warwarewa ita ce: a cikin waɗannan abubuwa, wanne ne asali, wanne ne reshe?

Bitar ayyukan da suka gabata

P. G. Harris ya yi bayanin masuntan Kabi da al'adunsu a 1942, M. B. Alkali kuwa ya bi tarihin masarautar a ƙarni na 19, kuma ba mu da jayayya da ɗayansu. W. M. Adams ya nuna a 1985 yadda madatsar Bakolori ta rage noman shinkafa da kamun kifi a fadamun da suke ƙasa da ita, kuma a kan aikinsa muka dogara ƙwarai.

Inda muke da ja shi ne ra'ayin Garrett Hardin, Ba'amurken da ya yi da'awa a 1968 cewa duk dukiyar da jama'a suka yi tarayya a cikinta, kamar makiyaya ko ruwan su, makomarta halaka ce, domin kowa zai yi rige-rigen ɗiba kafin ɗan'uwansa, sai fa in hukuma ta ƙwace ta ko an mallaka ta ga mutum guda. Ko da yake Elinor Ostrom ta rushe wannan da'awa a littafinta na 1990 da hujjoji daga ƙasashe da dama, har yanzu ra'ayin bai bar zukatan masu tsara manufofi a ƙasarmu ba, shi ya sa in suka tashi maganar kiyaye muhalli sai su ɗauka ilmi ne da za a kawo wa masunci daga birni, alhali kuwa masuncin ya gaji ƙa'idarsa tun kaka da kakanni. Illar maganar Hardin ita ce ya haɗa dukiyar da ba ta da mai ita da dukiyar da take da masu ita da yawa a ƙarƙashin shugaba, ya yanke musu hukunci ɗaya. Malaman fiƙihu kuwa sun daɗe da rarrabe waɗannan biyu a babin raya mataccen fili, inda suka halatta wa shugaba ya keɓe wuri, wato hurumi, domin maslahar jama'a, kamar yadda Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka.

Hanyar bincike

An nazarci rubuce-rubucen da aka ambata, aka gwada su da yadda ruwan gulbi yake hawa da sauka cikin shekara, aka kuma ziyarci bakin Matan Fada da kasuwar kifi ta Argungu.

Abin da aka gano

Gulbin da ya ratsa Argungu haɗin ruwa biyu ne, na kogin Sakkwato da na Rima, waɗanda suke gamuwa kusa da birnin Sakkwato su gangara kudu zuwa Neja, wato Kwara. In damina ta yi nisa ruwa ya cika ya malala cikin fadama, a sa'an nan ne yawancin kifaye suke fita daga tsakiyar gulbi su shiga cikin ciyawar da ruwa ya shanye, su yi ƙwai, 'ya'yansu su sami abinci da mafaka. In kuwa kaka ta wuce ruwa ya soma janyewa, sai manya da ƙanana su koma wurare masu zurfi, inda suke taruwa a ƙuntace har ƙaramin yaro ma yana iya cin galabarsu. To, a daidai wannan lokaci na rauninsu ne dokar Kabawa take aiki, domin yankin Matan Fada a rufe yake, babu mai jefa taru ko ƙugiya sai Sarkin Ruwa ya yi izini bisa umarnin Sarkin Kabi, kuma ko ranar bikin ma, kamun bai cika wuce sa'a guda ba.

Kayan aikin da aka yarda da su ma hujja ne. Masunci yakan shiga ruwa ya kifa cikinsa a kan babban gora wanda yake ɗauke da shi kamar kwalekwale, homa ɗaya a kowane hannu, yana lalube yana haɗa bakinsu, abin da ya kama ya jefa ta bakin goran nan. Kamun da aka yi da irin wannan kaya, komai yawan mutane, ba ya share ruwa kamar yadda raga mai ƙananan ido ko guba suke yi, ga shi kuma gasar tana girmama wanda ya fito da kifi mafi girma ne, ba mafi yawa ba. Giwan ruwa mai nauyin kilo 78 da ta ci gasar 2020 ba ta kai haka ba sai da ta shekara da shekaru ba a taɓa ta ba.

Ba mu ce wannan doka daga littattafan fiƙihu ta samo asali ba. Gyaran ruwa da fashin ruwa, wato shirya ruwan da buɗe shi ga masunta, al'adu ne da suka girmi jihadi, kuma akwai abubuwa a cikinsu da malamai suka yi inkari. Abin da muke cewa shi ne, hikimar rufe ruwa a buɗe shi da izini ta dace da ƙa'idar hurumi, saboda haka ba ta bukatar a nemo mata hujja daga waje.

Abinci kuwa reshe ne na wannan ruwa kai tsaye. Tuwon shinkafar da ake sa wa baƙo, asalinsa shinkafar fadama ce mai tashi tare da ambaliya, kifin da yake cikin miyar kuwa, tarwaɗa ne ko ragon ruwa ko karfasa, ɗanye ko wanda mata suka yi wa banda a kan wuta mai hayaƙi har ya yi baƙi ya bushe yadda zai jure tafiya zuwa kasuwanni masu nisa, duk daga fadamar nan ya fito. Garuruwan ma haka ne, domin da shinkafa da kifi da jiragen ruwa Kabi ta yi ƙarfin da ta yi.

Sai dai dokar Sarkin Ruwa iyakarta bakin gulbi, ba ta kai inda ake tare ruwan ba. An gama madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima a 1984, kuma ɗabi'ar madatsa ce ta riƙe ruwan damina ta sake shi a hankali, wanda yake nufin fadamar da ambaliya take rufewa ta ragu, wurin haihuwar kifi ya ragu tare da ita. Ƙari a kan haka, noman rani da injin ban-ruwa ya bunƙasa ƙwarai tun bayan shirin rancen manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kabi a 2015, alheri ne babba ga talaka ba shakka, amma daga ruwa guda ake sha. A 2006 ƙarancin ruwa ya hana a yi kamun kifin bikin. Ashe ke nan abin da yake barazana ga Matan Fada ba haɗamar masunta ba ce kamar yadda mabiya Hardin za su zata, hukunci ne da ake yankewa a nesa ba tare da an ji ta bakinsu ba.

Iyakar binciken

Dole a yarda cewa ba a auna yawan kifi da ma'auni a wannan aiki ba, kuma aikin Adams ya shafi fadamun da suka fi kusa da Bakolori ne, ba Argungu kanta ba. Haka nan raguwar ruwan sama a lokutan fari na shekarun 1970 da 1980 tana da nata kaso, matsalar tsaro ma ta taɓa dakatar da bikin shekaru da dama kafin 2020. Mai neman suka zai sami abin riƙewa a nan, amma babu ko ɗaya daga ciki da ya taɓa tushen hujjarmu.

Shawara

Muna kira ga gwamnatin Jihar Kabi da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da su zauna da masarautar Argungu da sarakunan ruwa a tsara lokutan sakin ruwa daga Goronyo da Bakolori yadda fadama za ta sha a kan kari, kuma a ware wani kaso na kuɗin da ake kashewa wajen masaukin baƙi da rumfunan biki domin ƙidayar kifi ta kowace shekara, a sa masunta da kansu cikin aikin.