Asalin Kalma: Isuhu

Daga Falanko har Tanut a Nijar, da wuya ka shiga unguwa ba ka ji ana kiran Isuhu ba. Yusufu ne bakin Hausawa ya sassaƙe: “Yu” ta koma “I”, “fu” ta zama “hu”. Larabci ya kawo mana shi ta Alƙur'ani, sura ta 12, amma tushensa Ibrananci ne, Yosef, wato “ya ƙara”. Littafin Farawa, sura 30, ya ce Rahila matar Yakubu ta daɗe ba haihuwa; da ta sami ɗa, sai ta sa masa sunan tana roƙon Allah ya ƙaro wani. Roƙon kuwa ya karɓu, aka haifi Biliyaminu. A takardun gwamnatin Nijar Issoufou ake rubutawa, irin rubutun Faransanci.