Lissafin gudanarwa

Lissafin gudanarwa reshe ne na ilimin akanta da ke tanadar wa shugabannin kamfani ko ma'aikata alƙaluman da za su yanke shawara da su: nawa aka kashe wajen samar da kaya, wane sashe ne ke kawo riba, wane ne ke cin jari. Ya bambanta da rahoton kuɗi na ƙarshen shekara, wanda doka ta wajabta a fitar wa masu hannun jari da hukumar haraji. Shi na cikin gida ne, ba doka ke tsara masa siffa ba, kuma ana iya haɗa shi kowane wata ko kowane mako. Abin da masana suka fi muhawara a kai shi ne ma'aunin da ya dace a auna ƙwazon kamfani da na manajojinsa.

Asali

Fannin ya bunƙasa ne a masaƙu da kamfanonin jirgin ƙasa na Ingila da Amurka a ƙarni na 19, lokacin da harka ta fi ƙarfin idon mai ita. A shekarun 1910 wani ma'aikacin kamfanin DuPont mai suna Donaldson Brown ya tsara ma'aunin ribar jari, wanda ya raba shi gida biyu: ribar da ake samu a kan kowane ciniki, da yawan juyawar da jari ke yi a shekara. Daga baya aka yi amfani da shi a kamfanin motoci na General Motors.

Ɗan kasuwar hatsi ya san wannan ko da bai taɓa jin sunan Brown ba. Wani yakan sayi masara a Rogo da kaka, ya ajiye sai bazara, ya sayar sau ɗaya da riba mai kauri. Wani kuma yakan kai kaya kasuwar Dawanau duk mako, ribarsa kaɗan, amma kuɗinsa ba sa kwana. Ba a sanin wanda ya fi sai an haɗa ribar da juyawar, an kuma cire kuɗin rumbu, maganin ƙwari, dako da na mota.

Binciken masana

A 1972 Anthony Hopwood ya wallafa bincike kan wani kamfanin Amurka, inda ya gano cewa manajojin da ake matsa wa lallai su cika kasafi sun fi shiga damuwa, sun kuma fi yi wa alƙaluma kwaskwarima. David Otley ya yi makamancin binciken a wani kamfanin Ingila a 1978, bai sami sakamako iri ɗaya ba. Wannan saɓani ya ƙarfafa ra'ayin cewa babu ma'auni guda da ya dace da kowace ma'aikata, sai an duba irin sana'arta da yanayin da take ciki.

A 1987 Thomas Johnson da Robert Kaplan suka fitar da littafin Relevance Lost, suna sukar cewa rahotannin da manajoji ke samu suna zuwa a makare, kuma a dunƙule, ba sa nuna ainihin tsadar kowane kaya. A 1992 Kaplan da David Norton suka gabatar da tsarin Balanced Scorecard, wanda ke auna kamfani ta fuska huɗu: kuɗi, gamsuwar abokan ciniki, ingancin aikin cikin gida, da koyo da haɓakar ma'aikata. Tsarin ya karɓu ƙwarai, har ya zama ɗaya daga cikin batutuwan da ɗaliban akanta a Najeriya suka saba rubuta kundin digiri a kai. Raunin da yawa daga irin waɗannan kundaye shi ne dogaro da takardar tambayoyi kaɗai. Manaja ya ce kamfaninsa na amfani da tsarin, amma ba a leƙa littattafan an gani ba.

A ƙasar Kano

Auna aiki da alƙaluma ba baƙon abu ba ne a Arewa. Tun wajen 1911 aka kafa baitulmali a manyan masarautu, ana tsara kasafin shekara, ma'aji na riƙe da littattafai. Hakimai, har da na gundumar Karaye, suna tara haraji da jangali ta hannun dagatai da masu unguwanni, kuma cikar harajin a kan lokaci na cikin abin da Turawa ke duba ƙoƙarin hakimi da shi. Nan ma ma'aunin ya canza halin waɗanda ake aunawa, don makiyaya sukan kaɗa shanu su bar gunduma idan lokacin ƙirga ya matso. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979.

Misali mafi girma a yankin shi ne madatsar ruwa ta Challawa da ke Ƙaramar Hukumar Karaye, wadda aka kammala a 1992, bayan ta Tiga da aka gama a 1974. Idan da kadadar da aka shayar da buhunan da aka girbe kaɗai za a auna irin waɗannan ayyuka, to sai a ce an ci riba. Amma ruwan da aka tare shi ne wanda a da yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru, inda manoma shinkafa, masunta da makiyaya ke cin abinci. Edward Barbier da Julian Thompson sun haɗa ɓangarorin biyu a lissafi ɗaya a wani bincike na 1998, suka nuna cewa amfanin manyan ayyukan noman rani na sama bai kai ya cike asarar da ake yi a fadamun ƙasa ba. Masana tattalin arziki da yanayin ƙasa ne, ba akantoci ba, amma tambayar ita ce ta lissafin gudanarwa: me aka saka cikin ma'auni, me aka bari a waje, kuma wa zai biya abin da aka bari.

Koyarwa

Ana koyar da fannin a sassan akanta na jami'o'i irin su Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Yana kuma cikin darussan jarrabawar ƙwararru ta ICAN, wadda aka kafa da doka a 1965, da ta ANAN, wadda aka kafa a 1979 ta sami amincewar doka a 1993.