Tsakanin Al'ada da Tsafi: Kiristanci da Bukukuwan Gargajiya a Ƙasar Zonkwa

1.0 Gabatarwa

Tun shigowar addinin Kirista kudancin Jihar Kaduna ake ta muhawara a kan ko ya halatta Kirista ya shiga bikin da tushensa bautar gargajiya ce. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin muhawarar a Zonkwa, cibiyar Bajju, da maƙwabtanta, domin a nuna cewa rarrabe ma'anar kalmomi biyu, wato "al'ada" da "tsafi", shi ne ya samar da mafita.

2.0 Zuwan Mishan

Mishan ɗin SIM ta kafa tasha a Kwoi a 1910, sannan a Kagoro a 1927, kuma daga cikinta ne cocin ECWA ya fito a 1954. A lokacin, ginshiƙin addinin Bajju shi ne abvoi, ƙungiyar asiri ta maza wadda ake ji da muryoyin kakanni a cikinta, kuma an haramta wa mata ganin sirrinta. Da yake da Hausa aka yi akasarin wa'azi, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, sai aka kira abvoi "dodo", aka kira masu yinsa "arna". Kalmar "tsafi" kuwa ta haɗiye yanka da giya da kiɗa da rawa baki ɗaya. Saboda haka wanda ya tuba yakan bar su duka. SIM ta tsananta a kan burkutu, alhali Katolika sun fi sassauci.

3.0 Tsohuwar Muhawara

Wannan matsala ta girmi Zonkwa. A 601 Paparoma Gregory ya umurci masu wa'azi a Ingila da kada su rushe ɗakunan bautar mutanen ƙasar, sai dai su tsarkake su. Ita kanta Kirsimeti, wadda aka fara samun labarin yin ta ranar 25 ga Disamba a Rum a 336, Majalisar Ingila ta taɓa haramta ta a 1647. A nan gida kuwa, Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya zama Babban Sakataren ECWA a 1967, ya yi kashedi a littafinsa na 1975 game da cakuɗa bishara da bautar gargajiya. A ɗaya ɓangaren, Taron Vatican na Biyu (1962–1965) ya buɗe wa Katolika ƙofar amfani da harsuna da kiɗe-kiɗen gida a cikin ibada.

4.0 Mafitar da Aka Samu

Bikin Afan na Kagoro kyakkyawan misali ne. Asalinsa tsarkake duwatsu ne da buɗe farauta. A zamanin Sarki Gwamna Awan (1945–2008), wanda Kirista ne, bikin ya tsaya a ranar 1 ga Janairu, ya koma taron raye-raye da addu'ar sabuwar shekara. Haka Tuk Ham na Kwoi ya raɓu da lokacin Ista. Bayan samun masarautar Bajju a 1995, sai nuna kayan gargajiya a Zonkwa ya zama shaidar 'yancin al'umma. Abin da aka zubar shi ne yanka ga kakanni da sirrin dodo. Abin da aka riƙe shi ne ƙaho da ganga da tufafi da tarihin Baranzan, kakan Bajju.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa mutanen yankin sun auna biki da abin da ake aikatawa a cikinsa, suka rage damuwa da asalinsa. Duk da haka, akwai masu bi da ke ƙaurace wa irin waɗannan taruka, domin a ganinsu tushe ba ya wankuwa. Abin lura ga masana harshe shi ne, kalmomin Jju da suka shafi abvoi suna ɓacewa tare da tsofaffin da suka san su, don haka tattara su aiki ne na gaggawa.