Ji, Gane, Kama

Tambayi malamin allo a Shanga ko Yelwan Yauri yadda almajirinsa yake da karatu. Zai ce "yana ji", ko "yana ganewa", ko "yana kamawa". Ga kunne, ga ido, ga hannu, kuma duk yaro ɗaya yake nufi.

Abin ya ba ni sha'awa ne saboda a 1987 wani malami ɗan ƙasar Niyuzilan, Neil Fleming, ya raba ɗalibai gida huɗu: masu koyo da ido, masu koyo da kunne, masu karatu da rubutu, da waɗanda sai hannunsu ya taɓa. Rabon ya zaga duniya. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa suka bi diddigin binciken da aka yi, ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa koyar da yaro ta salon da ya fi so na ƙara masa sakamako ba. Hausa kuwa tun asali aikin ta rarraba, ta bar yaron ɗungurungum.

Ji ya fi sauran faɗi. Bashange ba ya cewa ya iya Hausa kawai, cewa yake yana jin Hausa. Yaren kakanninsa ɗan dangin Mande ne, ɗan'uwan Kyanganci da Busanci, kuma yau da yawa sun bar jin sa. Gane kuwa jinin gani ne. Shin gani ya kori ji a nan? Bai kora ba, tabarma ɗaya suke zaune.

Sunayen kayan aikin almajiri baƙi ne daga Larabci: allo daga lauhu, alƙalami daga ƙalam. Tawada ta yi abin dariya a hanya, don dawatu a can sunan gidan tawadar ne. Da ta iso nan sai ruwan ciki ya gaje sunan.

A kalmomin karatun da muka aro daga Larabci, nazari daga kallo yake. Muraja'a komawa ce. Tilawa tushenta bin abu a baya, wato aya na bin aya, harshe na bin malam. Kusa da ita ga tamu, bita, da "bi" a bakinta ƙarara.

Amma wadda na fi so tishi ce. Matar da ta niƙa gero ta ga da sauran tsaki, sai ta mayar da shi kan dutse: tishi ke nan. Almajirin da ya koma kan surorin baya ma tishi yake yi. Sai ga darasi, wanda tushensa na Larabci ke ɗauke da ma'anar sussukar hatsi. Harsuna biyu, hamada a tsakani, kowanne ya ɗauki karatu hatsi ne.

Ɗan masunci a bakin tafkin Kainji, wanda ya cika bayan gama madatsar ruwa a 1968, ba a cewa yana karatun jefa birgi. Koyo yake, kuma daga koyo zuwa kwaikwayo taki ɗaya ne. Da yamma yaron nan zai ɗauki allo, ya rubuta, ya rera, malam ya biya masa. Ba a ba shi ƙari sai ya kawo na jiya da ka, sannan a ce masa, "Je ka wanke."